Daga bakin kogin Shangai zuwa tafkin Madarumfa

Shekara da shekaru ina zuwa Cana sarin kaya, amma daga otal sai kasuwar Yiwu sai wajen masu loda kwantena, shi ke nan na juyo Maraɗi. A tafiyar da ta wuce ne kaya suka yi jinkirin kwana 2, yaron da ke mini tafinta, ɗan Nijar ne mai karatu a can, ya ce Alhaji tunda ba abin yi mu je Shangai ka ga gidan kifaye. Na ce masa ɗana kifi kuma har da gidan kallo? Ya ce kai dai mu je.

Jirgin ƙasa mai gudu muka shiga, kamar awa 2 muka isa. Wurin yana unguwar Lujiazui a bakin kogin Huangpu, gab da doguwar hasumiyar nan da ake gani a fotuna, mai tsawon mita 468, kuma tun 2002 aka buɗe gidan kifayen. Kuskuren da muka yi shi ne ranar Asabar muka je kuma da rana tsaka, lokacin da ba lekol kowa ya kwaso 'ya'yansa, layin sayen biye kawai ya ci mana kusan minti 40. Wanda zai je ya zaɓi ranar aiki ya sammako, ya riƙe fasfo ɗinsa, ya tabbata da wanda zai biya masa ta waya don can kuɗin hannu ba su cika yawo ba. Ya kuma share fotunan banza daga wayarsa tun a gida, ni tawa ta cika tun ban kai rabi ba.

Matakala mai tafiya da kanta ke kai mutum sama, daga nan a riƙa gangarowa ɓangare ɓangare, na Cana, na Kudancin Amurka, na Ostiraliya, na Afirka, har ƙasa inda doguwar hanyar nan take da ta ratsa cikin ruwa, ta fi mita 100, ruwa a dama ruwa a hagu ruwa bisa kanka, kifin shak ya zo ya gitta ta saman hularka kana ganin farin cikinsa da layin haƙoransa. Sai da gabana ya faɗi wallahi, na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Wannan kowa na ba da labarinsa, ni ba can zuciyata ta tsaya ba.

A ɓangaren Cana na daɗe. Akwai wani babban kifi mai dogon baki da ƙasusuwa jere a bayansa kamar sulke, yana tafiya a hankali kamar dattijo, yaron ya karanta mini allon ya ƙara da abin da ya sani. A teku yake girma amma kogin Yanze yake hawa ya yi ƙwai, da aka gina madatsar Gezhouba a 1981 sai hanya ta toshe masa, yanzu galibi sai mutane sun ƙyanƙyashe shi sun saka a kogi. Ya ce mini kuma akwai wata farar dabbar ruwa a kogin nan da suke ce wa baiji, a 2006 masana sun bi kogin makonni suna nemanta ba su ga ko ɗaya ba. Daga 1 ga Janairun 2021 hukuma ta hana kamun kifi a kogin na shekara 10 cur. Kusa da ni wata tsohuwa ta ɗaga jikarta tana nuna mata kifin tana maimaita sunansa, yarinyar na faɗa bayanta, har sau uku ko huɗu.

Da muka shiga ɓangaren Afirka na ga ƙananan kifaye masu launi, shuɗi da rawaya, na tafkunan Malawi da Tanganyika, ashe dangin karfasarmu ne. Na tsaya ina kallon wata da maƙoshinta ya kumbura ba ta cin komai, yaron ya ce ƙwai ne ta ɓoye a bakinta, haka za ta riƙe su har su ƙyanƙyashe, kuma karfasar da muke ci ma haka take yi. Shekarata sun haura 50 ina cin karfasa da yaji ban taɓa sanin wannan ba, abin ya taɓa ni sosai. Nan take Gulbi, kogin nan namu na Maraɗi, ya faɗo mini a rai, yadda muna yara in damina ta ja baya muke bin tabkunan da ya bari muna kama tarwaɗa da hannu, da yadda kakana ke ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu. Yau Gulbi ya fi rabin shekara yashi ne kawai, 'ya'yana kuma kifi a wajensu shi ne wanda ake soyawa a bakin titi ko na kwali mai ƙanƙara.

Sati biyu da dawowata na nuna musu bidiyon shak, sun yi ta ihu, sai na tambayi babban wace ce gaiwa. Shiru. Ƙaramar ta ce Baba tsuntsuwa ce? Juma'ar nan bayan an sauko masallaci na zuba su a mota sai Madarumfa, ba ta fi kilomita 25 ba, amma rabona da bakin tafkin nan har na manta.

Mun tarar da wani dattijo masunci yana gyaran taru a gindin itace, na gaishe shi na ce Baba jikokinka na kawo su ga kifi da ransa. Ya yi dariya ya jawo wani bokiti, ya riƙa ɗagowa ɗaya ɗaya, ga tarwaɗa da gashin bakinta, ga karfasa, ga ƙurungu ya ce ku yi hankali da ƙayarsa. Ya ce wasu irin da yake kamawa yana saurayi yanzu sai a shekara ba a gan su ba, ga yashi na cike tafkin, ga masu taru mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan. Gaiwa babu a bokitin ranar, amma ya zauna ya kwatanta musu yadda take shiga laka in ruwa ya ƙafe, ta naɗe jikinta ta bar 'yar ƙofar iska, tana numfashi kamar mu, ta yi watanni a haka har ruwan sama ya sauka, shi ya sa ake cewa jikinta take ci. Ƙaramar ta ce to Baba tsoho ba ta jin ƙishirwa? Ya ce jikata ku dawo in rani ya yi tsakiya, zan kai ku inda ake tono ta ku gani da idonku.

Na karɓi lambar ɗansa, mun aje magana a kan watan Afrilu, kuma na ce wa maƙwabcina ya ba ni nasa yaran biyu mu tafi tare tunda motar na da wuri.