Abin da fatar tace ruwa ta koya min a ɗakin gwaji

Lokacin da na fara furojet ɗina na mastas a kan membiren, wato fatar nan ta tace ruwa, abu ɗaya ne kawai a kaina, ruwa ya riƙa wucewa da yawa. Kullum lissafina lita nawa ke ratsa murabba'in mita ɗaya a awa ɗaya, in lambar ta hau in kwana da murna, in ta sauka ko abinci ba ya min daɗi. Sai da na ci wata huɗu a haka kafin na gane ba wannan lambar ce ke raba gardama ba.

Ga wanda bai san abin ba, siririyar fata ce ta roba mai ƙofofi mitsi-mitsi da ido ba ya gani, da maikiron ake auna su, wato ɗaya cikin dubu na milimita, silin gashi ma ya kai maikiron 70 ko kusa da haka, ita kuwa wadda ake tace ruwan allura da ita ƙofarta 0.2 ce. Yadda muke yi, mu narka garin wata roba da ake kira PES a cikin NMP, wani sinadari mai narkar da roba, kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari, mu ƙara PVP kaɗan, wani gari mai sa fatar ta so ruwa, a bar shi yana juyawa har ya kwana, kumfa ta fita, sannan a shimfiɗa a kan gilashi da wuƙar shafe a tsoma cikin ruwa. Nan take za ka ga abin da yake garai-garai kamar zuma ya koma fari fat ya saki gilashin yana yawo, ruwa ya shiga, NMP ya fita, inda ya fita nan ne ya zama ƙofa. Wallahi har yau in na tsoma sai na tsaya kallo.

Toh akwai wani lissafi na masana biyu, Hagen da Poiseuille, da ke ruɗin sabon shiga, in ka ninka faɗin ƙofa sau biyu ruwan da zai bi ta cikinta zai ninka sau 16. Ni kuwa da na ga haka sai na rage robar, ƙofofi suka buɗe, ruwa ya riƙa zuba, na ɗauki takarda na nufi ofishin malamina. Ya duba ya ce, "Ka yi gwajin kumfa?" Na ce, "A'a Malam, ban kai nan ba tukuna." Ya ce in je in yi in dawo. Gwajin ba wuya, ka jiƙa fatar sharkaf ka riƙa tura mata iska a hankali ta ƙasa, inda layin kumfa ya fara ɓullowa nan ce ƙofa mafi girma. Tawa ko matsi bai yi nisa ba kumfa ta fara tashi ta gefe guda, da muka karya fatar muka duba cikinta a na'urar hangen ƙananan abubuwa sai ga ramuka dogaye kamar yatsu sun kusa huda ta. Ita ƙwayar cuta babu ruwanta da cewa yawancin ƙofofinka ƙanana ne, guda ɗaya babba ta ishe ta. An taɓa yarda ƙofa mai maikiron 0.45 ta wadatar wajen tare ƙwayoyin cuta, sai a shekarun 1960 aka kama wata 'yar ƙwaya tana ratsawa, ita ake kira Brevundimonas diminuta yanzu, kuma da ita ake gwada matatar 0.2, ana zuba miliyan 10 a kowane murabba'in santimita kada ko ɗaya ta wuce.

Hanyar da ta fi wajen ƙara gudun ruwa ita ce ka rage kaurin fatar, ba ka buɗe ƙofofi ba. Tun wajen 1960 Loeb da Sourirajan a jami'ar UCLA ta Amurka suka nuna haka, sashen da ke tacewa ya zama siriri sosai, sauran jikin ya zama kamar soso yana tallafe shi kawai.

Amma inda na sha wuya shi ne ranar da na bar tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji na ɗebo ruwan rafi a jarka, na damina, jajawur da laka. Duk wanda ya taɓa ganin ana tatar gasara ya san abin, da farko ruwan kamu na zuba shaa, jim kaɗan dusa ta lulluɓe ƙyallen sai ɗiga, sai an kaɗa an ƙara ruwa. Haka fatata mai gudu ta yi, kuma ita ta riga sauran toshewa, don tana jawo datti da sauri kuma ƙofofinta sun isa laka ta shige ciki ta maƙale. Na ƙara matsi, lakar ta daɗa dannuwa, abin ya ƙara lalacewa. Wata fatar da na raina na jefa a durowa, mai tafiya a hankali, ita ce ta yini tana aiki, in na tura mata ruwa ta baya dattin ya tashi ta dawo kusan yadda take. Daga baya na karanta cewa tun 1995 masana suka bayyana akwai wani mizanin gudu da in ka tsaya ƙasa da shi toshewar ba ta yin tsanani. Wani abin kuma, in kana yawan wanke fatar da bilic PVP ɗin nan da ke sa ta son ruwa yakan lalace ya fita, sannu a hankali halinta ya sauya.

Sai maganar kuɗi, wadda ɗalibi ba ya so a tayar. A jami'ar Twente ta ƙasar Holan an ƙera wata rariya da fasahar yin cif ɗin kwamfuta, kaurinta wajen maikiron ɗaya, ƙofofinta duk kai ɗaya, ruwa na wucewa ba kama hannun yaro, amma sai da ɗaki na musamman da ba a yarda ƙura ta shiga ba. Mai masana'antar piya wata a Kano ko Maraɗi ba zai sayi wannan ba, shi tambayarsa nawa ne, wata nawa zai yi, in ya mutu a ina zai samu wani. Kuma tsadar ba a garin roba kaɗai take ba, akwai gam, akwai gidan da ake sa fatar, akwai ruwan wankin da ya cika da NMP wanda bai halatta ka zubar a kwata ba, Tarayyar Turai ma ta tsaurara dokar aiki da shi tun 2020 saboda illarsa ga ɗan tayi. Babbar asara kuwa ita ce fatar da ka yi ta ƙi ka jefar.

Ni iska ce ta riƙa ja min wannan asarar. Haɗi ɗaya, hannu ɗaya, amma wadda na shimfiɗa da hunturu daban, ta watan Agusta daban, don NMP na zuƙar laimar iska, 'yan daƙiƙun nan tsakanin shafawa da tsomawa sun isa su sauya fuskar fatar. Yanzu akwai ƙaramin ma'aunin laima a kan bencina da agogo a gefe, ina shimfiɗa biyar a haɗi ɗaya, in yanko daga tsakiya da kusurwa huɗu in gwada kowanne da ruwan rafi. Satin da ya wuce uku sun yi daidai da juna, biyu sun kauce, kuma duk biyun bayan la'asar na yi su lokacin da hadari ya haɗo.