Abin da na koya wajen sa yara karatun littafin labari

Duk malamin Hausa ko na Turanci a sakandare ya san wannan aikin da muke ba yara, wai kowa ya karanta littafi guda a gida ya rubuto taƙaitaccen labarinsa a shafi biyu. Abin da ake kawo maka kuma ka san shi, mutum uku ne suka karanta, sauran ajin duk kwafa suka yi, har kuskuren rubutu iri ɗaya zaka gani a takarda goma, yanzu ma da waya ta zo abin ya ƙara sauƙi. Ni dai na daina ba da shi, ba abin da yake nuna min illa wa ya iya kwafa da kyau.

Abin da ya fi min aiki shi ne kotu. 'Yan SS2 da suka zaɓi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam na ce su gurfanar da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyar Alhaji Imam tauraron littafin, a samu alƙali da lauyan mai ƙara da mai kare shi, shaidu kuma su fito daga cikin littafin. Sharaɗi ɗaya na sa, duk wanda ya buɗe baki ya faɗi abu to sai ya ce shafi kaza. Wallahi nan ne na ga karatu, yaran da ko bango ba sa buɗewa suna ta fizgar littafi a hannun juna suna neman hujja. Wata yarinya da ko gaisuwa da ƙyar kake jin muryarta ita ce lauyan Zurƙe, ta tashi ta ce malam ai Alhaji Imam ɗin ma ba kanwar lasa ba ne, sau nawa ya yi wa Zurƙe mugunta, don dai shi ke ba da labarin ne shi ya sa muke ganinsa mutumin kirki. Kaga wannan maganar ta mai ba da labari da ko za a yarda da shi, darasi ne da nake ta fama in koyar da alli ban samu ya shiga ba, ita ta tono shi da kanta a littafin da aka buga tun 1934.

Masu Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa kuma taswira suka zana a kwalin indomi da aka buɗe, daga Kagara zuwa Kano a haye hamada, layi ja na Umar, layi baƙi na mahaifiyarsa da ta bi sahunsa tana nema. Wani yaro ya ƙara da wasiƙar da uwar za ta rubuta da ta samu hali, ya karanta a gaban aji yana ta gyaran murya.

Sai dai fa akwai tarko. Yara na son wasan kwaikwayo, in ka sake musu za su zo da rawani da gemun auduga su cika aji da dariya alhali ba wanda ya wuce babi na biyu. Shi ya sa tambayar "shafi nawa?" ba ta barin bakina, kuma rabin maki a kanta yake, ado da barkwanci ɗan kaɗan ne nasu.

'Yan mata da yawa dama suna karanta littattafan soyayya a WhatsApp da Wattpad, wasu malaman haushin haka suke ji, ni kam cewa nake a kawo min in duba, in ba batsa a ciki to bismillah. Su na fi ba aikin saƙon murya, ki zama kishiyar ko uwar mijin da marubuciya ta ɓata ki kare kanki cikin minti biyu. Tunda makaranta ta hana waya sai a ɗauka a gida da wayar mama a turo min da yamma, wani lokacin har ka jiyo maman a gefe tana cewa a'a ba haka uwar miji ke magana ba, sake.

Matsalar da har yanzu nake fama da ita littattafan ne, kwafi biyar a hannun yara hamsin, wanda ya karɓa ranar Litinin sai ka bi shi har gida kafin ya dawo da shi.