Abin da na gani wajen suturar Kawu

Allah ya jiƙan Kawu da rahama. Ranar da ya rasu gidan cike yake da samari masu digiri, amma da aka zo wankan gawa kowa ya ja baya, sai da aka aika aka taso wani dattijo daga bayan masallaci. Ni aka ba buta ina zuba masa ruwa.

Ya fara da yi wa mamaci alwala, sannan ya wanke ɓangaren dama kafin hagu. Da ganyen magarya a ruwan, wanki na ƙarshe kuma da kafur. Wutiri ake so, in ji shi, uku ko biyar. Da aka kawo likkafani ya tambaya, “Ɗana, ƙyalle nawa kuka yanka?” Na ce uku. Ya ce ya isa, ko da yake a Malikiyya an fi son biyar ga namiji, bakwai ga mace.

Sallar jana'iza kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, amma duk da haka na ga wasu a sahun baya suna shirin sunkuyawa.

A maƙabarta aka sauke makara, aka kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla, aka jera tukwane a bakin ramin ciki, aka liƙe da laka. Masu haƙan kabarin kuwa, waɗanda tun hantsi suke cikin rana, sai bayan an watse wani ya tuna ba a sallame su ba. Wannan ya ɓata min rai sosai.