Abin da ke bayan "da sauƙi"

Shekaruna na farko ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon gaɓoɓi, tambayata ɗaya ce ga kowa: "Ya jiki?" Amsar ma ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Sai in rubuta a kati cewa an samu sauƙi. Na daɗe ban lura ba cewa gaisuwa nake yi musu, su kuma suna amsa gaisuwa.

Wata dattijuwa ce ta ankarar da ni. Ta ce mini da sauƙi, amma ina kallonta tana ta kokawa da bakin jakarta, ta kasa zaro kati. Wuyan hannayenta biyu sun kumbura, yatsu sun karkace sun nufi wajen ɗan ƙaramin yatsa. Na ce, "Inna, wa ke ɗaura miki zani?" Ta yi shiru, can ta ce, "Jikata, 'yar nan." Daga nan magana ta ɓalle. Tun asuba har hantsi hannuwan a sandare suke, buta ta gagare ta ɗauka, salla sai a zaune, rabonta da muciya shekara biyu.

A wurinta sanyi ne ya shige ta saboda yawan wanki. Wanzami ya yi mata ƙaho, an yi tsaga, ta daina taɓa ruwan randa. Kullum kuma tana shan haɗin ƙwayoyin kemis da ake ƙullawa a leda, har fuskarta ta yi suntum, cikinta na zafi. Alhali ciwon nata amosanin gaɓoɓi ne irin wanda likitoci ke kira rumatoyid: garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, a hankali ta cinye guringuntsi da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Babu wanda ya taɓa zama ya yi mata wannan bayani da Hausa, har da ni.

Likita ya ɗora ta a kan methotrexate, maganin da ke lafar da garkuwar jiki, kuma a nan na fi zafafawa, domin na taɓa ganin wadda ta sha shi kullum kamar maganin hawan jini ta dawo da gyambo cike da baki, jininta ya yi ƙasa sosai. Sau ɗaya ake shan sa a mako. Muka tsayar da Juma'a, ranar da ba ta ɓace mata, na sa ita da jikar suka maimaita mini da bakinsu. Na gaya mata aikinsa ba ya bayyana sai bayan mako 6 zuwa 12, don kada ta ce bai karɓe ta ba ta watsar. Ga folik asid, bitamin da ke rage illar maganin, ga gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci. Matan da ke neman haihuwa kuwa ba na bari su fita sai sun ji cewa wannan magani yana illata ɗan tayi, a koma wa likita ya sauya.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne da ta miƙo hannu ta ce, "Za su miƙe?" Na ce, "Inna, wanda ya karkace ya karkace. Abin da ya rage muke son tsarewa." Ta jinjina kai. Na ɗauka ba za ta dawo ba, sai ga shi ba ta taɓa saɓa rana ba.

Yanzu bayan gaisuwa nakan tambayi kowa abin da hannunsa ya kasa yi a makon nan, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya saki da safe. A wata na huɗu Inna ta zo, tun ban tambaya ba ta ce jiya da kanta ta ɗauki buta ta yi alwalar asuba, jikar tana barci.