Salak ɗin tuffa da ƙuli-ƙuli

Yau da na dawo daga makaranta na tarar maƙwabciyarmu wata dattijuwar Baturiya ta ajiye kwali cike da tuffa a bakin get ɗinta wai kowa ya ɗiba kyauta, haka suke yi a nan Ingila in Oktoba ta kama, bishiyoyi su yi ta zubar da 'ya'ya har masu su su rasa yadda za su yi. Na ƙyale manyan korayen nan Bramley don tsaminsu sai an dafa, na ɗebi ƙananan jajayen. Na yanka su siriri-siriri da ɓawonsu na matse lemon tsami a kai nan take don kar su canza kala, na haɗa da kabeji da karas da albasa, man zaitun, ɗan gishiri da zuma kaɗan, su nan gyaɗar Turawa suke barbaɗawa amma ni ƙuli-ƙulin da Umma ta ƙullo min na daka na zuba.

Wallahi lomar farko sai da na ajiye cokali, zaƙi-zaƙi tsami-tsami ga yajin ƙuli, kamar kwaɗon zogalen gida. Sai na tuna a Kano tuffa ɗaya-ɗaya ake saye, ta Afirka ta Kudu, yawanci sai za a je dubiya asibiti, in Baba ya shigo da guda Umma ta raba mana duka kowa yanki ɗaya. Har yanzu ban saba cinye kwano guda na tuffa ni kaɗai ba gaskiya.