Wasiƙa daga Wiskonsin: Ranar da Ɗana Ya Sauke Baka

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, a daidai lokacin da ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, wanda a nan shi ne alamar cewa farautar barewa da kwari da baka ta kankama. Ana buɗe ta a tsakiyar watan Satumba, ba a rufewa sai farkon Janairu. Wannan jiha ce ta fara ware wa masu baka lokacinsu na daban a 1934, kuma a waccan shekara barewa ɗaya tak aka samu, abin da ya isa ya nuna muku cewa tun asali wannan ba farautar mai gaggawa ba ce.

Na daɗe ina harbi kafin 'ya'yana su tasa, kuma na ɗauka cewa da zarar sun iya riƙe baka, abin da nake so za su so. 'Yata ce ta fara, tana da shekara tara, ta hanyar wani shiri na koyar da harbi a makarantu wanda ya samo asali daga jihar Kentaki a 2002. Yara suna jeruwa a layi suna harbi daga nisan mita 10 da mita 15, kuma usur ne ke mulkin filin: busa biyu a ɗauko baka, ɗaya a yi harbi, uku a je a zaro kibau, biyar kuwa kowa ya tsaya cak ko da ya riga ya ja tsarkiya. Yaro yana haddace wannan kafin a bar shi ya ɗana kibiya ko ɗaya. Haka kuma ana hana shi sakin tsarkiya babu kibiya a kanta, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya a jikin bakan yake komawa, yana iya tsaga shi a hannun mai shi.

A bayan gidanmu na kafa mata abin bara, kuma a nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Kibanta duk hagu suke tafiya. Na gyara mata tsayuwa, na gyara gwiwar hannu, na yi ta faɗa har wata rana ta ajiye bakan a kan ciyawa ta ce, "Baba, ni dai ban iya ba," ta shige ɗaki. Mai koyar da su ce ta gano matsalar cikin minti ɗaya. Ta sa ta haɗa tafukan hannunta ta bar ɗan rami a tsakiya, ta kalli wani abu daga nesa ta cikinsa, sannan ta jawo hannun a hankali zuwa fuskarta, sai ga ramin ya tsaya a idon hagu. Ashe yarinyar da hannun dama take rubutu amma idonta na hagu ne mai rinjaye, ni kuwa na yi makonni ina ɗora wa rashin natsuwa laifin da ba nasa ba. Da aka mayar da ita harbi irin na bahago, kibau suka fara taruwa wuri guda. Yanzu burinta shi ne nisan mita 70 da ake harbi a gasar Olamfik, inda da'irar maki goma faɗinta bai wuce santimita 12.2 ba. Dawa kuwa ta ce ba ta zuwa, ba ta son ganin jini, kuma na daina yi mata tayi.

Ƙanenta shi dawan yake so. Dokar jihar nan ta ce bakan farautar barewa dole nauyin jansa ya kai laba 30, wato kilo 13 da ɗoriya, saboda kibiyar da ba ta da ƙarfi rauni kawai take yi, dabbar ta tafi ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Ya shafe kusan shekara biyu kafin ya iya jan wannan nauyi a zaune ba tare da ya ɗaga bakan sama yana nishi ba. Abin da ya taimake shi shi ne baka mai 'yan tayoyi a kawunansa biyu, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ya ƙirƙiro, ya kuma sami takardar mallakarsa a 1969. Idan an ja shi ya kai ƙarshe, tayoyin suna ɗauke mafi yawan nauyin, sai maharbi ya samu damar riƙewa yana saiti a tsanake. Masu son bakan gargajiya suna yi masa kallon raini, amma ni a ganina duk abin da zai sa kibiyar yaro ta sauka inda ya nufa, rahama ce ga dabbar.

Tun 2017 jihar ta cire mafi ƙarancin shekarun da yaro zai kai kafin ya fita farauta, muddin yana tare da babba mai lasisi wanda ke kusa da shi iya miƙa hannu. Ban yarda cewa izinin doka shi ne shirin yaro ba, don haka muka yi tamu yarjejeniya: ba zai harbi komai ba sai a nisan da yake iya zuba kibau biyar a jere cikin faɗin faranti, kuma nasa nisan ya tsaya a yadi 20.

Ranar da nake son ba ku labari, mun shiga 'yar bukkar dako tun kafin gari ya waye, bayan mun duba inda iska ke kaɗawa, domin hancin barewa ya fi idonta tsaro, kuma idan iska ta kai mata warin mutum ba za a ko ga ƙeyarta ba. Mun yi awa uku cikin sanyi ba mai magana. Can sai ga namiji mai ƙaho ya fito daga cikin itatuwa yana shinshina ƙasa, ya tsaya ya ba mu gefe, wanda shi ne tsayuwar da kowane maharbi ke fata, saboda kibiya tana samun huhu biyu ta bayan kafaɗa. Yaron ya ja tsarkiya har ta taɓa gefen bakinsa, ina jin numfashinsa, ina ganin tsinin kibiyar yana rawa. Na riga na auna nisan, yadi 28 ne, amma na kame bakina, domin ina son in ga abin da zai yi idan ba a ce masa komai ba. Ya riƙe kamar na daƙiƙa goma, sannan ya mayar da tsarkiyar a hankali, ya sauke bakan a cinyarsa. Dabbar ta ɗaga kai, ta kaɗa farin wutsiyarta, ta shige. Ya juyo da ido cike da ƙwalla ya raɗa mini, "Baba, ya yi nisa."

Ba zan ɓoye muku ba, da ni ne a shekarunsa da na saki. A hanyar komawa mota bai ce uffan ba, ni ma ban cika shi da yabo ba, don na lura takaicinsa bai huce ba tukuna. Mun koma wurin sau huɗu bayan haka ba mu sake ganin wannan namijin ba, lasisinsa na bana kuma har yanzu yana cikin aljihun rigarsa ba a yi amfani da shi ba. Jiya da yamma na leƙa ta taga na ga ya matsar da abin bara zuwa yadi 25, yayarsa tana tsaye a bayansa tana gyara masa gwiwar hannu, tana ƙirga masa kibau.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan'uwanku mazaunin Wiskonsin