Yadda Muka Gano Tushen Ƙas-ƙas a Injin Honda Accord

Motar da nake hawa Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda aka fi sani da EOD a ƙasar nan, mai injin K24 na lita 2.4 da silinda 4, kuma 'yar Kwatano ce da ta fito daga Amurka. Ƙarar da ta soma yi ba mai tayar da hankali ba ce da farko, domin sai an tsaya a danja, an kashe rediyo, an sauke gilashi kafin a ji ta. Ƙas-ƙas ce siririya mai tsari, irin ta keken ɗinki idan tela yana tafiya da shi a hankali, tana fitowa daga saman injin, tana ƙara sauri idan na taka totur, tana kuma komawa yadda take idan na saki. Motar ba ta rage ƙarfi ba, ba ta hayaƙi, kuma fitilar mai ba ta taɓa kamawa ba.

Shawarwarin da na samu kafin in kai ta ko'ina iri biyu ne. Wasu sun ce a yi mata juye da mai mai kauri, wato 20W-50, ƙarar za ta ɗauke, wasu kuma sun ce injin na shirin bugawa ne, gara a sauke shi tun da wuri a canza metal, wato ƙarafan da babbar sandar ƙasan inji ke juyawa a cikinsu. Ban karɓi ko ɗaya ba. Kamfanin Honda ya rubuta 5W-20 a kan murfin zuba man wannan mota, kuma mai kauri yana iya danne sauti ba tare da ya gyara abin da ke haifar da shi ba, bayan haka yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da sassan suka fi bukatarsa. Sauke inji kuwa aiki ne mai cin kuɗi wanda bai kamata a shiga ba alhali ba a san inda ciwon yake ba.

Na fara da abin da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. Na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, na bari man ya koma ƙasa, na zaro sandar awo, na tarar yana tsakanin alamomin biyu. Da lokacin juye ya zo, na sa aka tari tsohon man a cikin roba mai tsabta, muka fito da shi rana muka karkata shi, domin idan metal na cinyewa akan ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a cikin man. Babu komai. Aka sa sabuwar filta, aka zuba lita 4.2 kamar yadda aka ƙayyade, amma ƙas-ƙas ɗin tana nan yadda take.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne lissafin saurin ƙarar. A injin mota, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, tana yin juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji. Idan injin yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a kan juyi 750 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 375, kimanin sau 6 ke nan a daƙiƙa, kuma wannan sauri ne da kunne zai iya bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar motata tana tafiya ne daidai da wannan ƙidaya. Bugun metal, a galibi, ya fi haka nauyi, yana fitowa daga ƙasan inji, yana kuma tsananta idan mota ta ɗauki kaya ko tana hawa tudu, tawa kuwa ba ruwanta da tudu ko gangare.

Da wannan bayani na je wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana aikin Honda a Kano. Bai taɓa sufana ba sai da ya gama saurare. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan sassan injin ɗaya bayan ɗaya, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, yana kaffa-kaffa da hannun rigarsa saboda fanka da bel. A kan nozul guda huɗun, masu fesa wa injin fetur, ya ji ƙas-ƙas mai kaifi, iri ɗaya a kowanne, ya ce wannan aikinsu ne, nozul ɗin da ya yi shiru shi ne abin tuhuma. Ya duba bayan injin, inda salansa ke haɗuwa da tob silinda, wato kan injin da bawul-bawul ke ciki, yana neman baƙin tabo na hayaƙi, domin gasket ɗin wurin idan ya fashe yakan yi ƙara mai kama da ta bawul, sai dai ita tana da ƙarfi da safe, tana raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya toshe kafar. Bai ga tabo ba. Ya cire bel ya tayar da injin na ɗan lokaci kaɗan, tunda bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, ƙarar ba ta canza ba, sai altaneta da kwamfuresar iyakwandishan suka fita daga zargi. Daga nan ya riƙa zare wayar kwayil, mai ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya, injin yana karkarwa a kowane karo amma sautin bai ragu ba, alhali da metal ne ko fistin, da ya yi sauƙi a daidai silindar da aka kashe. Da ya ɗora sukudirebar a kan murfin sama, kusa da silinda ta uku, sai ya miƙo mini mariƙin ya ce, "Malam, saurara da kanka, tafet ne. Ka bar mana ita ta kwana, ba a saita shi da zafi."

Maganarsa ta yi daidai da ƙa'idar kamfanin, wadda ta ce a yi saitin tafet, wato awo da daidaita tazarar bawul, idan zafin tob silinda bai kai digiri 38 ba, abin da a Kano ya fi samuwa da sassafe. Washegari yaransa suka cire kwayil, suka kwance murfin, muka leƙa. Abu na farko da ya duba shi ne tudun kamshaf, musamman na ɓangaren fitar hayaƙi, domin a wannan inji an san su da ɓarzuwa idan an daɗe ana wasa da juye, kuma idan sun ci, saiti ba zai yi magani ba. Ya bi kowanne da farcensa, duk sumul suke, man da ke kwance a wurin kuma ruwan zuma ne, babu dasƙararren baƙin datti.

Tsakanin kan kowane bawul da hannun da ke danna shi akwai 'yar tazara da aka bari da gangan, saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. A wannan inji tazarar bawul na shigar iska daga milimita 0.21 zuwa 0.25 ce, ta fitar hayaƙi kuma daga 0.28 zuwa 0.32, ana kuwa auna ta da siraran fallayen ƙarfe da makanikai ke kira fila-gej, kowanne da lambar kaurinsa a jiki. Ya juya injin da hannu har alamomin da ke jikin giyar kamshaf suka daidaita, ya auna silinda ta ɗaya, sannan ya riƙa ƙara rabin juyi yana bin tsarin tashin wuta, wato 1, 3, 4, 2, har ya gama bawul 16. A silinda ta uku, bawul biyu na shigar iska sun yi sako-sako har fallen 0.35 yana shiga ba tare da ya taɓa komai ba, su ne masu ƙarar. Amma abin da ya sa dattijon ya ajiye fila-gej ya dube ni shi ne na fitar hayaƙi, inda guda uku suka matse har fallen 0.20 ba ya shiga sai da ƙyar.

"Waɗannan da ba ka ji motsinsu ba, su ne za su ci maka kuɗi," in ji shi. Na ce, "Baba, ta yaya?" Ya bayyana mini cewa bawul yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna daram a mazauninsa, idan tazarar ta ƙare ba zai rufe sosai ba, wuta za ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi, daga nan sai silinda ta rasa matsi, sai sauke tob silinda. Tun daga ranar na daina yarda da makaniken da ke saita tafet da kunne, yana ɗaurewa har sai injin ya yi tsit domin mai mota ya ji daɗi, tunda wannan shirun shi ne hanyar ƙona bawul.

Saitin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake bukata. Ana sassauta noti, a juya ɗan sukurun da ke tsakiyarsa har fallen ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan, a riƙe sukurun kada ya motsa, a ɗaure notin, sannan a sake aunawa, domin ɗaurin yakan sauya tazarar. Na sayo sabon gasket na murfi a Kasuwar Ƙofar Ruwa, tunda tsohon ya bushe ya yi tauri, aka ɗiga gam a kusurwoyin da aka tanada kawai, ba a lafta shi ko'ina ba, domin ragowar gam yana iya ɓallewa ya toshe hanyar mai. Da aka tayar da injin ya ɗumama, ƙas-ƙas ɗin ta tafi, silo ya daidaita, abin da ya rage shi ne sautin nozul, wanda ba a taɓa shi ba. Littafin motar ya ce a duba wannan tazara a mil 110,000, kuma da yawa daga cikin motocin da ake shigo mana da su sun haura haka kafin su iso, ba tare da takardar da ke nuna an taɓa yin aikin ba.

Wannan hanya ta saiti ba ta kowace mota ba ce. Injin 1ZZ na Toyota Corolla ba shi da sukurun juyawa, idan tazarar ta kauce sai an ciro kamshaf an canza ƙoƙon da ke kan bawul ɗin da wani mai kaurin da ya dace. Golf 3 kuwa tafet ɗinta da matsin mai yake cike tazarar da kansa, saboda haka idan ta fara irin wannan ƙara, yawan man, ingancinsa da ƙarfin famfon mai su ne ake fara bincika, kafin a yi maganar canza tafet ɗin.